Laƙabi a Turanci: Ina Ake Sa "the", Ina Ake Barinta?

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum, malamaina da iyayena na wannan zaure. Ina neman taimako a kan jimla guda wadda ta hana ni sakat tun jiya. Danginmu suna haɗa ɗan littafin tarihin marigayi kakanmu, kuma ni aka ɗora wa rubuta ɓangaren Turanci saboda jikokin da suka tashi a Legas da ƙasashen waje, waɗanda Hausarsu ba ta kai ta karatu ba. A duk garinmu da wuya a sami wanda ya san kakan nan da sunansa na yanka. Giwa ake ce masa, saboda girman jikinsa da kuma yadda ba a saurin ganin fushinsa. Na rubuta "He was popularly called as Elephant", sai wani yayana ya ce jimlar ba ta zauna ba, amma da na ce ya nuna mini inda ta karkace sai ya kasa. Shin "as" ce ba ta dace ba, ko kuwa "the" ce ta ɓace? Kuma idan zan ce an san shi da wannan suna, "known with" zan rubuta, ko "known by", ko "known as"?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan kakanku, ya kyautata makwancinsa. Kunnen yayanki bai yaudare shi ba, domin kuskure biyu ne a jimlar, kuma kowanne da asalinsa daban.

Na farko shi ne "as". A Turanci aikatau ne ke zaɓen 'yar ƙaramar kalmar da za ta biyo shi, ba ma'anar da ke zuciyar marubuci ba. Akwai aikatau da ke ɗaukar laƙabin kai tsaye ba tare da wata kalma a tsakani ba, irin su "call" da "nickname" da "dub" da "name". Saboda haka ana cewa "he was called", ko "he was nicknamed", sai laƙabin ya biyo nan take. Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya sai da "as", irin su "know" da "refer to" da "address", shi ya sa ake cewa "he was known as", ko "they referred to him as". Abin da kika yi shi ne kin ɗauko "as" ta gidan "known" kin kai ta gidan "called", inda ba a gayyace ta ba.

Game da "known with" kuwa, wannan Hausa ce sanye da rigar Turanci. Mu muna cewa an san shi da suna kaza, ana kiransa da kaza, ana yi masa laƙabi da kaza, kuma tun muna aji ɗaya aka koya mana cewa "da" ita ce "with". To, a nan ba ita ba ce. Idan laƙabin kansa ne zai biyo baya, "known as" ake cewa. Idan kuwa kalmar "name" ko "nickname" ce za ta biyo, sai a ce "known by", kamar "he was known by his nickname". Haka nan "they called him by his nickname" daidai ne, domin abin da ya biyo "by" ba laƙabin ba ne, kalmar "nickname" ce.

Kuskure na biyu shi ne rashin "the". In dai har za ki fassara Giwa, to "the Elephant" ne.

Ɗalibar Samaru: Na gode ƙwarai, Malam, na gane batun "as" sarai. Sai dai na biyun bai gama shiga kaina ba, domin ban taɓa jin an ce "the Zik" ko "the Awo" ko "the Pelé" ba, alhali duk laƙabi ne. Me ya sa su aka bar su haka, shi kuwa na kakana ake buƙatar a sa masa?

Malamin Turanci: Abin da za ki duba shi ne irin kalmar da aka ƙera laƙabin da ita. Zik guntun Azikiwe ne, Awo guntun Awolowo ne, Pelé kuma kalma ce da ba ta nufin komai a Turanci face mutumin da sunansa na yanka Edson Arantes do Nascimento. Duk waɗannan Bature yana ɗaukarsu kamar sunan yanka, kuma sunan yanka ba ya karɓar "the". Amma "elephant" suna ne gama-gari, akwai giwaye da yawa a duniya, don haka idan aka ɗauko shi aka keɓe wa mutum ɗaya, "the" ce ke yin aikin keɓewar. Shi ya sa ake ce wa Margaret Thatcher "the Iron Lady", ake ce wa Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa "the Golden Voice of Africa", ake ce wa Daniel Amokachi "the Bull". Haka abin yake a garuruwa: New York ita ce "the Big Apple", Fatakwal "the Garden City", Inugu "the Coal City". A lambar mota za ki ga an rubuta wa Kano "Centre of Commerce" da Sakkwato "Seat of the Caliphate" ba tare da "the" ba, saboda take ne aka buga a ƙarfe, amma da zarar ya shiga cikin jimla sai ta dawo: "Kano, the Centre of Commerce".

Dalilin da ya sa wannan yake ba mu wuya shi ne, a Hausa ba ma jin bukatar komai a wurin. Mukan ce Kano tumbin giwa, Katsina ɗakin kara, kirarin ya tsaya da ƙafarsa. Madangancinmu, wato irin -n da -r na "yaron" da "motar", yana nuna abin da aka riga aka ambata ne, ba ma liƙa shi a laƙabi don mu keɓe mutum.

Tsohon Edita: Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina da ja a kan wani abu da ya riga nahawu, wato fassara laƙabin tun farko. 'Yata, a rayuwar kakanki babu wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidansa ya kira "Elephant". Giwa aka kira shi, kuma jikokin nan na ƙasar waje sun fi bukatar su san kalmar da ta fito daga bakin mutanen garinsu fiye da fassararta. Ki duba yadda ake yi da Sardauna Ahmadu Bello: duk mai rubutu da Turanci Gamji yake rubutawa, ba ya zuwa neman sunan bishiyar a Turanci. Haka Madiba na Mandela, haka Mwalimu na Nyerere, ko da yake ma'anarsa malami ce da Sawahili. Kuma tun da kalmar ba ta Turanci ba ce, ta zama kamar sunan yanka, ba a sa mata "the". Shawarata ki rubuta "known as Giwa, the Elephant", ki ba da asalin, ki biyo da fassarar.

Sai kuma "popularly". A shekarun da na yi ina gyaran labarai, babu kalmar da na soke kamarta. Ba kuskure ba ce, amma jaridunmu sun tauna ta har ta yi laushi, ta kai ko ɓarawon akuya aka kama sai a rubuta "popularly known as". Idan laƙabin ya danne sunan yanka, kamar yadda kika bayyana, abin da ya fi dacewa shi ne "better known as", domin ita ce ke nuna cewa an fi saninsa da wannan a kan wancan.

Mai Sharhin Ƙwallo: Allah ya gafarta Malam, ina so in kawo ƙalubale daga fagen da na fi sani, domin ƙa'idar da aka shimfiɗa ba ta rufe ko'ina ba. Gaskiya ne ana cewa "the Gunners" ga Arsenal, "the Red Devils" ga Manchester United, "the Super Eagles" da "the Black Stars" da "the Indomitable Lions". Amma shekara da shekaru ina sauraron masu sharhi na Ingila, ban taɓa jin sun sa "the" a gaban "Spurs" ko "Wolves" idan suna ba da sakamakon wasa ba, alhali "wolves" suna ne gama-gari, kyarkeci ne da yawa. Sannan marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗauki kofin Afirka a 1994 yana kyaftin, ya sake ɗauka a 2013 yana koci, wata jarida ta rubuta "the Big Boss", wata ta rubuta "Big Boss" kawai. Segun Odegbami kuma "Mathematical" ake ce masa ba "the", amma Muhammad Ali "the Greatest" ne, kuma dukansu sifa ne. Yaya za a daidaita waɗannan?

Malamin Turanci: Ƙanena, ka taɓo inda ke da ƙaiƙayi, kuma ba zan ce ƙa'idar ba ta da ɓaraka ba. Sai dai wasu daga cikin misalanka suna ƙarfafa ta ne. "Spurs" guntun Hotspur ne daga Tottenham Hotspur, "Wolves" kuma guntun Wolverhampton ne, don haka a kunnen mutumin Ingila suna cikin sahun Zik da Awo, wato sunan da aka gutsure, ko da yake sun yi kama da gama-garin suna. Abin mamakin shi ne, a Amurka ƙungiyar ƙwallon kwando ta San Antonio "the Spurs" ake ce mata, domin a can yawancin ƙungiyoyi da "the" ake ambatonsu. Kalma ɗaya ce, amma al'adar gari biyu.

"The Greatest" kuwa ba ta da zaɓi, domin sifar fifiko ta ƙarshe a Turanci, wato mai nuna wanda ya fi kowa, yawanci da "the" take tafiya, ko a laƙabi ko ba a laƙabi ba. "Mathematical" sifa ce da aka saba ɗorawa a gaban sunan, a ce "Mathematical Odegbami", har ta kai ana iya yanke sunan a bar ta ita kaɗai.

Inda na yarda da kai ba tare da musu ba shi ne "Big Boss". Akwai laƙabin da ke fara rayuwa a matsayin siffantawa, sannan yawan kira ya daskarar da shi ya koma suna. "Big Ben", wanda asalinsa laƙabin babbar ƙararrawar da ke hasumiyar majalisar dokokin Birtaniya ne, ba ya ɗaukar "the", haka ma "Uncle Sam". Na Keshi yana tsakiyar hanya ne, shi ya sa kake ganin duka biyun. A irin wannan wuri babu abin da ya wuce mutum ya duba yadda masu laƙabin suke faɗinsa ya bi su.

Almajirin Nahawu: Salamu alaikum. Ni Turancina bai taka kara ya karya ba, amma abin da ake tattaunawa ya tuna mini da karatun zaure, kuma ina ganin wanda ya yi nahawun Larabci zai fi saurin kama zancen. A Larabci laƙabi yakan zo da alif da lam: Abubakar as-Siddiƙ, Umar al-Faruƙ, Haruna ar-Rashid. Da waɗannan laƙubba suka shigo Hausa sai muka yar da alif da lam ɗin, muka ce Sadiƙu da Faruƙu da Rashidu, suka zama sunayen yanka.  Kuma tsarin Umar al-Faruƙ shi ne dai tsarin "Alexander the Great" da "William the Conqueror", suna sannan siffa mai ɗauke da alamar keɓewa.

Akwai wata mas'ala da nake son Malam ya tabbatar mini. A Larabci harafin kira, wato "ya", ba ya haɗuwa kai tsaye da kalma mai alif da lam, sai an sa "ayyuha" a tsakani, ko a cire alif da lam ɗin. Shin a Turanci ma idan za a kira mai laƙabin fuska da fuska ana cire "the"?

Malamin Turanci: Allah ya ƙara wa Malam sani, haka abin yake. Idan ana magana a kan mutum a ce "the Boss is coming", amma idan ana magana da shi sai a ce "Boss, welcome". A nan ne ma Turancin Najeriya ya yi tasa hanyar, domin za ka ji abokai suna yi wa juna kirari da "the Boss!" ko "the Chairman!", kuma wannan kirari ne, ba kira ba. Ya halatta a bakin titi, amma ba a kai shi takarda.

Tun da an zo nan, bari in ƙara wurare biyu da harafin ke sauyawa. Idan mallaki ya shigo, "the" takan kauce, domin ba sa zama tare: "our Iron Lady", ba "our the Iron Lady" ba. Sannan sunan da ba ya karɓar komai yana iya karɓa idan aka mayar da shi ma'auni. Janar Ibrahim Babangida an yi masa laƙabi da Maradona, kuma a Turanci "he was nicknamed Maradona" ne, babu "the". Amma da zarar an ƙara bayanin fage sai a ce "the Maradona of Nigerian politics". Idan kuma ana nufin wani mai irin halin, sai a ce "he is a Maradona", wato shi ma wani Maradona ne. Wannan "a" ita ce ta fi kusa da mafayyacinmu, wato "wani" da "wata".

Mai Fassara daga Maraɗi: Ina gaishe da jama'ar zaure. Mu da muka yi boko da Faransanci tuntuɓenmu daban yake da naku, kuma ina ganin yana da kyau a ambace shi. Batun harafin keɓewa ba ya ba mu wahala sosai, domin Faransanci ma yana da shi, kuma Thatcher a wurinmu "la Dame de fer" ce, laƙabin da wata jaridar sojan Tarayyar Sobiyat ta fara liƙa mata a 1976, tun kafin ta zama firaminista a 1979. Inda muke faɗuwa shi ne ƙananan kalmomin nan da Malam Almajiri zai kira haruffan jarri. Faransanci yana cewa "connu sous le nom de", kuma "sous" tana nufin ƙarƙashi, don haka hannunmu yakan tafi kai tsaye ga "known under the name of". Ku "da" ce ke ja ku zuwa "with", mu kuma "sous" ce ke ja mu zuwa "under". Tambayata ita ce, shin "under" kuskure ce gaba ɗaya, ko tana da muhallinta?

Tsohon Edita: Ɗan'uwa, tana da muhalli, amma ba na kakan wannan yarinya ba ne. "Under the name" ana amfani da ita ne idan mutum ya yi wani aiki yana fakewa da wani suna, ko an yi rajistar wani abu da shi: marubucin da ya buga littafi da sunan aro "wrote under the name", wanda ya sauka a masauki da sunan ƙarya "checked in under the name". Kullum akwai ƙamshin lulluɓi a cikinta. Idan aka rubuta wa dattijo mai mutunci haka, mai karatu zai iya zaton yana da abin ɓoyewa ne. Irin wannan ƙamshi yana tare da "alias" ma, wadda ta fi yawa a takardun 'yan sanda da na kotu, kuma na sha ganin an sa ta a sanarwar rasuwa ba tare da an san abin da take jawowa ba.

Wanda ba shi da wannan nauyi shi ne "goes by". Ana cewa "he goes by the name Giwa", ko a taƙaice "he goes by Giwa", kuma tana nuna sunan da mutum yake amsawa da yardarsa. "By the name of" kuwa ta gabatar da baƙo ce, "a man by the name of", wato wani mutum wai shi wane.

Malamar Firamare: Iyayena da yayyena, ina bin wannan muhawara tun farko, kuma ina da tambaya a kan "for" da "of" wadda ɗalibaina suka taɓa ɗaure ni da ita. Idan zan bayyana wa wanda ba Bahaushe ba cewa duk Abubakar ana iya ce masa Garba, duk Umaru Sanda, duk Usman Shehu, duk A'ishatu Indo, duk Hauwa'u Kulu, wace kalma zan sa? Na taɓa rubuta "Garba is short for Abubakar", sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ai babu Garba a cikin Abubakar balle a ce an gajarta shi. Na rasa amsar da zan ba ta.

Malamin Turanci: Malama, wannan yarinya a riƙe ta da kyau, domin tana da kunne. "Short for" ta dace da Sule daga Sulaiman, da Idi daga Idrisu, da Dije daga Hadiza, inda ake jin guntun asalin a ciki. Sanda da Shehu da Indo da Kulu kuwa inkiya ce da al'ada ta haɗa da sunan, yawanci don kunyar ambaton sunan iyaye ko surukai ko ɗan fari. A nan "a nickname for" ce ta dace, ko "a traditional byname for": "Indo is a nickname for Aisha".

Bambancin "for" da "of" kuma ga shi. "For" tana nuna wanda ko abin da laƙabin ke wakilta: "the Big Apple is a nickname for New York", ko "their nickname for him was Giwa". "Of" kuwa tana da aiki biyu. Tana iya nuna mai laƙabin, kamar "the nickname of my grandfather", ko da yake "my grandfather's nickname" ta fi sauƙi a baki. Tana kuma iya gabatar da laƙabin kansa, kamar "he earned the nickname of Giwa", inda za a iya cire ta ma a ce "he earned the nickname Giwa" ba a rasa komai ba. A lura cewa a nan "the nickname" ake cewa, ba "a nickname" ba, tun da an ambaci laƙabin an san wanne ne.

Tsohon Edita: Malam, a nan zan saɓa maka kaɗan, da girmamawa. Ka tsaurara wa "short for" fiye da yadda masu harshen suke yi. Turawa da bakinsu suna cewa "Bill is short for William", da "Dick is short for Richard", har da "Peggy is short for Margaret", kuma ban ga Peggy a cikin Margaret ba, kamar yadda yarinyar nan ba ta ga Garba a cikin Abubakar ba. Saboda haka jimlar Malama ba kuskure ba ce a Turanci, kuma bai kamata ta koma aji tana jin ta yi laifi ba.

Malamin Turanci: Ranka ya daɗe, na karɓi gyara a kan cewa ba kuskuren nahawu ba ne. Abin da zan riƙe shi ne, Bill da Dick da Peggy duk sun samo asali ne daga gajartawa, daga Will da Rick da Meg, sannan wasan sauti ya sauya musu harafin farko. Shehu kuwa bai fito daga haruffan Usman ba ta kowace hanya, ya fito ne daga girmama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wanda ya ce wa baƙo "Shehu is short for Usman" bai karya Turanci ba, amma ya ba shi labarin da ba haka yake ba.

Malamar Firamare: Na gamsu da duka biyun. To, saura ɗaya, tun da an ambaci Shehu. Idan yaro ya ci sunan kakansa, shi ya sa ake ce masa Abba ko Baba, na ga wasu suna rubuta "named after", wasu "named for". Wanne ne daidai?

Malamin Turanci: Duka daidai ne. "Named after" ita ce ta Birtaniya, kuma ita muka gada a makarantunmu, ita ce kuma ake fahimta a ko'ina. "Named for" ta fi yawa a Amurka. Wadda ba ta da gida ita ce "named from". Sunayen rana kuma, irin su Ɗanladi da Jummai da Balarabe da Asabe, su ma "named after the day he was born" za a ce.

Mai Sharhin Ƙwallo: Baba Edita ya ambaci Sardauna ɗazu, sai na tuna da abin da nake gani a jaridu: wani lokaci "the Sardauna of Sokoto", wani lokaci "Sardaunan Sokoto", har na taɓa ganin irin "the Wazirin of" gari kaza. Na san sarauta ba laƙabi ba ce, amma a wurinmu ta kan zama sunan da aka fi sanin mutum da shi, don haka ina ganin ba mu fita daga batu ba.

Tsohon Edita: Ba mu fita ba, domin mutum nawa ne suka san marigayi Yusuf Maitama Sule da wani suna da ya wuce Ɗanmasani? Na ukun da ka kawo shi ne kuskuren, kuma kuskure ne da ya kamata Bahaushe ya fi kowa saurin ganewa. Wannan -n ta ƙarshen "Wazirin" da "Sardaunan" da "Ɗanmasanin" ita ce "of" ɗin. Wanda ya rubuta "the Wazirin of" ya faɗi abu ɗaya sau biyu. Ko dai a bar shi a Hausarsa, "Ɗanmasanin Kano", ko a juya shi gaba ɗaya, "the Danmasani of Kano". Kuma akwai inda "the" ke faɗuwa ko a sarautar: bayan aikatau na naɗi, idan muƙamin na mutum ɗaya ne, ana iya cewa "he was made Sardauna of Sokoto in 1938". Wannan ya shafi laƙubbanmu masu irin wannan ɗafi, kamar a ce wa mutum Zakin Fama ko Garkuwan Matasa, kada a ƙara musu "of" a tsakiya.

Almajirin Nahawu: Wannan ita ce ilafa a Larabci, wato jingina suna ga suna, kuma a can ma kalmar farko ba ta ɗaukar alif da lam. Laƙabin Khalid bin Walid shi ne Saifullahi, amma na ga masu fassara suna rubuta "the Sword of Allah". Ashe "the" ɗin ta Turanci ce, ba daga Larabcin aka ɗauko ta ba.

Malamin Turanci: Haka ne, Malam, duk ginin da ke da "of" a tsakiya irin wannan yakan jawo "the" a gabansa, sai in kalmar farko suna ce, kamar "Zik of Africa". Kuma kada 'yarmu ta ji kunyar tuntuɓe a kan waɗannan haruffa, domin ita kanta kalmar "nickname" 'yar tuntuɓe ce. A tsohon Turanci "ekename" ce, wato ƙarin suna, ana cewa "an ekename". Da tafiya ta yi tafiya, wajen ƙarni na 15, sai kunnen mutane ya raba kalmomin a inda ba nan ne gaɓarsu ba, "n" ta bar harafin ta manne wa sunan, aka koma "a nekename".

Ɗalibar Samaru: Allah ya saka wa kowa da alheri, na sami fiye da abin da na zo nema. Ga yadda na gyara sakin layin, ina roƙon a sake duba mini kafin in aika wa masu buga littafin gobe: "He was better known as Giwa, The Elephant, a nickname he earned for his size and his patience. His eldest grandson, who was named after him, goes by Abba."

Tsohon Edita: Ya zauna, 'yata, kuma "earned for" ɗin da kika sa daidai ce, tun da dalili kike bayarwa. Abu ɗaya kawai zan taɓa: ki mayar da "The" ɗin nan ƙaramin baƙi, "the Elephant", domin a tsakiyar jimla take. Idan kuma za ku rubuta cikakken sunansa a bangon littafin, ki sa Giwa tsakanin sunansa da na mahaifinsa cikin alamar zance, kamar yadda ake rubuta Augustine "Jay-Jay" Okocha, fassarar kuma ki bar ta a cikin littafin. In an buga, a ajiye mini kwafi ɗaya.